Malam Zai Hau

Abu ɗaya na gada daga mahaifina wanda 'yan'uwana ba su yi jayayya da ni a kansa ba: wani tsohon soro na ƙasa a gabashin garin Rano, mai matakala a jikin bango. Su suka ɗauki gonakin Rurum. Ni aka bar min tsayi.

Sunana Muntari. Labarin ƙasa nake koyarwa a wata sakandare a Kibiya. Kullum da safe sai in hau babur in je in shaida wa yara cewa duniya juyawa take yi, su rubuta, su haddace, su ci jarrabawa, ba tare da ko ɗayansu ya yarda ba. Da yamma in dawo gida, in ci tuwo, in yi sallar isha'i, in hau soro.

A saman soron nake kafa madubin hangen nesa. Wani Ba'indiye da ya koyar da lissafi a makarantarmu ne ya bar min shi da zai koma ƙasarsu, ba don ya fi ƙaunata ba, sai don abin ya ƙi shiga akwati. Farin bututu ne, tsawonsa ya ɗara hannu, yana tsaye a kan ƙafa uku. Matata Lami tana kiransa bututun Malam, unguwa kuma ta bi bakinta.

Ba kowace tauraruwa nake kallo ba. Akwai wasu da haskensu ba ya zama wuri ɗaya. Yau ka ga ta yi ƙarfi, jibi ta dushe, can kuma ta dawo. Aikina shi ne in auna haskenta da na taurarin da ke kusa da ita, in ce yau ta fi waccan amma ba ta kai wannan ba, in aika wa wata ƙungiya a ƙasar waje da ke tara irin wannan rahoto daga marasa aikin yi na duniya baki ɗaya. Wadda na fi shaƙuwa da ita ita ce wadda Larabawa ke kira Ra'asul Ghul. Kusan duk kwana uku sai ta rage haske na 'yan sa'o'i, saboda wata tauraruwa mai dusu-dusu da ke giftawa ta gabanta. Idan damina ta ɗauke, bayan isha'i takan ɓullo ta arewa maso gabas, ƙasa-ƙasa, ita da 'yan rakiyarta. Daga tsakar gida ba abin da za ka gani ta nan sai darbejiya. Dole sai an hau sama.

Shekara da shekaru babu komai a arewa maso gabas da gidana sai gonar dawa. Dawa ba ta ƙorafi. Sai ga Alhaji Shitu, mai motocin haya tsakanin Rano da Kano, ya sayi gonar ya gina gida, ya tare da iyalinsa. Tsakar gidansa ta faɗo daidai ƙarƙashin tauraruwata.

A lokacin Shari'a ta riga ta zauna da gindinta a jiha. Kowace unguwa ta kafa ɗan kwamitinta na sulhu da gyaran tarbiyya, kowane namiji yana neman hanyar da zai nuna cewa ya fi jiya kirki. Wasu suka ɗage wando, wasu suka tsayar da gemu. Ni na ba gemuna dama har wata shida, ya fito da gashi bakwai ya tsaya nan. Sai na nemi wata ƙofa.

Akwai tsohuwar al'ada a wurinmu. In namiji zai hau soro don yaɓe ko gyaran indararo, sai a aika wa maƙwabta cewa za a hau sama, mata su yi lulluɓi ko su shiga ɗaki har a sauko. Na ce wa Lami daga yau duk ran da zan hau, ta je bakin katanga ta sanar da gidan Alhaji.

Ta dube ni, ta ce, "Malam, mai yaɓe fa sau ɗaya yake hawa a shekara."

Na yi mata bayani mai tsawo a kan haƙƙin maƙwabtaka, har da ɗan Larabci. Ta saurara har ƙarshe, don mace ce mai haƙuri, sannan ta je bakin katanga ta ɗaga murya:

"Hajiya Ramlatu! Malam zai hau!"

Washegari bayan magariba Alhaji Shitu ya miƙe a masallaci, ya ce jama'a su ɗan dakata.

"Ina so ku shaida," in ji shi, "Allah Ya ba ni maƙwabci. Malam Muntari ba ya taka matakalarsa sai ya aiko gidana. A wannan zamanin! To ni ma na ba iyalina umarni, da zarar an ce Malam zai hau, ko kaza kada in ji ta rage a tsakar gidana."

Aka yi ta kabbara. Na sunkuyar da kai irin na salihan bayi, ina jin daɗi har cikin ƙashina. Ban lura ba cewa maganar da aka yi a gaban sahu uku ba ta janyuwa. Alhaji ya ɗaure kansa, ya ɗaure ni, ya ɗaure matarsa, duk da igiya ɗaya.

Da farko abin bai dami kowa ba. Da rani tauraruwata ba ta wannan ɓangaren da yamma, da damina kuma hadari kan tsare ni a ƙasa. Matsalar ta jira kaka, ta shekarar 2007, bayan an sha ƙaramar Salla. Sama ta washe tas, ni kuma na fara hawa kowace yamma. A daidai lokacin ne gyaɗa ta shigo daga Yalwa buhu-buhu. Hajiya Ramlatu kuwa sana'arta ke nan: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, direbobin Alhaji na kai mata Kano. Tana da mata uku da ke taya ta, kuma ba sa hura wuta sai rana ta faɗi, don zafin kasko da zafin rana ba sa haɗuwa a jikin mutum ɗaya.

Wata ranar Asabar da la'asar ina ɗaki ina duba takardun yara, na ji sallamar Hajiya Ramlatu. Ta zauna a tabarmar Lami, ba ta san ina ciki ba, ko kuma ta sani sarai.

"Maman Zulaiha, don girman Allah, me Malam yake nema a sama?"

"Tauraruwa."

"Ɓata ta yi?"

"A'a, tana nan. Dubawa yake ko tana nan yadda ya bar ta."

"To jiya ya same ta?"

"Ya ce ta ɗan rage."

"Allah sarki. Ni kuwa jiya kasko guda na ƙuli ya ƙone ƙurmus. Muna ɗaki mu huɗu, kamar masu takaba, muna jin ƙaurinsa yana shigowa ta taga. Asibi ta ce bari ta fita da gudu ta kwashe, na ce ki fita Alhaji ya ji? Mutumin da ya yi rantsuwa da kaza a masallaci?"

Lami ta yi dariya har da tari.

"Ba abin dariya ba ne, 'yar'uwa. Da can da Malam bai san kirki ba ai lafiya muke zaune. Ki ce masa ya hau abinsa shiru. Wa zai gan shi a duhu? In ma ya leƙo, me zai gani? Tsofaffi huɗu da tunkuza, hayaƙi ya cika musu ido?"

Na ji zafin kalmar "bai san kirki ba," amma na ga gaskiyarta. Daga ranar na koma hawa shiru, ina tafiya da sanɗa a kan matakalar gadona kamar ɓarawon kaji. Suna suyarsu, ina kallona. Ƙamshin ƙuli yana tasowa har inda nake. Ban taɓa samun zaman lafiya irin na waɗannan 'yan kwanaki ba, kuma duk a cikinsu ne nake karya dokar da ni na kafa.

Sai wata yamma Alhaji ya dawo daga Kano da wuri. Wata ya fara girma. Yana fitowa daga mota ya hangi farin bututu yana ƙyalli a saman soro, ya kuma ji matan gidansa suna shewa a tsakar gida.

"Malam Muntari! Kai ne a sama?"

Na yi tunanin in ce a'a.

"Ni ne, Alhaji. Sannu da dawowa. Ya hanya?"

Na ji ƙarar ƙofar gidansa, na ji shewa ta mutu, na ji gudun silifa.

A ganin Alhaji lissafin a bayyane yake, kuma ban ga laifinsa ba. Mutumin da bai taɓa sanarwa ba, in ya hau shiru, ka ce jahilci ne. Wanda ya yi wata da watanni yana sanarwa, ran da ya yi shiru, to akwai abin da yake so ya gani. Amsa ɗaya gare ni, cewa matarsa ce ta roƙa, Lami kuwa ta toshe wannan hanyar tun kafin in buɗe baki.

"In ka ambaci sunanta, Malam, ka haɗa ta da mijinta ke nan. Za a ce ita ta gayyaci namiji ya hau ya kalle ta. Ka nemi wata maganar."

Kamar wannan bai isa ba, sai wata tsohuwar burgata ta taso. Kwanakin baya a teburin mai shayi na taɓa cewa na karanta tauraruwata tana fitar da irin hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, Turawa har sun harba na'urori sama don su kama shi. Gaskiya ce, kuma na faɗe ta ne don a san ina karatu. Wani direban Alhaji yana wurin. Kafin maganar ta gama zagaya tasha ta dawo, ta zama bututuna ne ke ɗaukar hoton asibiti: yana ratsa katanga, yana ratsa zane.

Aka kira ni gaban kwamitin unguwa, a zauren da ke jikin masallaci. Shugabansa Malam Ishiyaku, tsohon ɗalibina ne. Na tuna shi sarai, shi ne ya taɓa zana min taswirar Najeriya da teku a Katsina. Yanzu ya yi karatun addini mai zurfi, gemunsa ya kai ƙirji, kuma cikin adalci zan ce ya fi ni natsuwa. Da dattawa biyu a gefensa. Buƙatar Alhaji ɗaya ce, ya faɗe ta ba kwana-kwana: a rushe matakalar.

Ba ni da gona, ba ni da mota, ba na zuwa majalisa sai jefi-jefi. In aka rushe matakalar nan, abin da ya rage min shi ne babur da darbejiya.

Malam Ishiyaku ya gyara zama, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ɗalibi zai yi wa malaminsa tambaya. In ka ga tauraruwar nan ta rage haske, me ke faruwa?"

"Ba komai."

"Ba fari, ba ambaliya, ba rasuwar wani babba?"

"Ba komai, Malam Ishiyaku."

"Ba ta nuna wanda zai ci zaɓen ƙaramar hukuma?"

"Ko kansila."

"Alhamdu lillahi. Da ka ce tana nunawa, da mun shiga babin duba, wannan kuwa ya fi na yau nauyi. To biyanka ake yi?"

"Ni nake sayen kan sarki."

Ya shafa gemu. Ɗaya daga cikin dattawan, Baba Hammadu ladan, ya karkato ya ce, "To, ɗana, in ba duba kake ba, ba kuma biyanka ake ba, me kake kallo?"

A nan na gane inda nake. Ƙofa biyu aka buɗe min: ko boka ne ni, ko maleƙi. Ta uku, wato mutum ya kalli abu don kawai yana son kallonsa, babu ita a ginin. Na fara bayani a kan taurari biyu masu zagaya juna, na ɗauki butar alwala da takalmi ina gwadawa. Alhaji ya ce, "Kun gani ko? Ya fara."

Malam Ishiyaku ya yanke cewa ba za a yi hukunci da ji-ta-ji-ta ba. Kwamiti zai hau da kansa ya duba bututun, bayan isha'i, jibi.

Ranar da aka sa, Lami ta je bakin katanga, murya a sanyaye: "Hajiya Ramlatu! Malam zai hau, da baƙi!" Muka ji an sauke kasko ana ƙunƙuni. Dattawan biyu suka dubi matakalar, suka dubi gwiwoyinsu, suka ce za su wakilci kwamiti daga ƙasa. Muka hau mu uku: ni, Malam Ishiyaku, da Alhaji yana haki.

Nan take aka ci karo da matsala. Malam Ishiyaku ya ce shi ba zai juya bututu ya kalli gidan mutum ba, don in yana gani, to ya aikata abin da ya zo bincike a kai. Alhaji kaɗai ke da iko ya leƙi gidansa. Na karkatar masa da bututun ƙasa. Irin wannan madubi ba ya kama abu na kusa, kuma komai a kife yake nuna shi. Alhaji ya sa ido ya daɗe.

"Wani jan abu nake gani a sama."

"Garwashin murhunka ne, Alhaji."

"A sama?"

"Haka yake yi."

"Ɗakin fa? Nuna min ɗakin."

Na nuna masa bangon ɗakin. Baƙi ƙirin. Ya ɗago yana huci, bai gamsu ba. "Ya murɗa wani abu ne. Ai shi ya san makamarsa. To nuna mana tauraruwar taka mu gani, in da gaske abin yana aiki."

Na ɗaga kai in nemo ta. Farin wata ya cika sama, ƙananan taurari duk sun ɓuya, sai manya. Na ga Ra'asul Ghul a wurinta. Na gangara da ido hagu, wajen babbar tauraruwar da ke jagorantar wannan rukuni. Sai na tsaya.

Akwai ƙari.

Wannan yanki na sama na san shi fiye da yadda na san fuskokin 'yan ajina. A ƙasan babbar, inda duk rayuwata babu komai, ga wata tana zaune, rawaya-rawaya, haskenta ya kusa kamo na manyan. Na cire tabarau na goge, na mayar. Tana nan. Kwanan nan ba ta nan, na rantse, don na duba wurin kafin Alhaji ya kira sunana.

Na juya bututun wajenta. Da na sa ido, ba ɗigon haske na gani ba irin na tauraruwa. Wani dunƙulallen abu ne zagayayye, kamar curin fura a cikin ƙwarya, tsakiyarsa na haske, gefensa na narkewa. Na murɗa madaidaicin gani gaba, na murɗa baya. Bai canza ba. Haka yake. Ban san ko mene ne ba a lokacin. Abin da na sani shi ne mutane irina sukan mutu da tsufa ba su ga sabon abu a sama ba, ni kuwa ga shi an kawo min har saman soron ubana.

"Malam, lafiya?" in ji Malam Ishiyaku. "Ko in duba?"

Na matsa. Ya tattare gemunsa ya sunkuya. Ya daɗe, sannan ya ɗago da fuskar tausayi.

"Wannan ce tauraruwar?"

Na ci gaba da kallon sama.

"Malam, ai abin nan ba ya gani. Ga tauraruwa can ina ganinta da idona tsaf, ɗigo guda. A cikin nan kuwa ta zama kamar an shafa koko a gilashi. Alhaji, zo ka duba."

Alhaji ya duba, ya ɗaga kai ya kalli sama, ya sake dubawa. Sai na ji wata 'yar dariya ta kuɓuce masa.

"Kai! Wannan ne mai ratsa katangar? Wallahi madubin motata ya fi shi. Malam Muntari, dama haka kake fama duk shekarun nan?"

Saura kaɗan in yi magana. In ce musu: ba lalacewa ba ce, jama'a, abin da kuke gani haka yake, kuma watakila a duk kudancin Kano mu uku ne muka fara ganinsa a haka. In ce wannan bututun yana nuna abin da ido ba ya iya gani. Sai na ji yadda jimlar za ta sauka a kunnen Alhaji. Abin da ido ba ya iya gani. Na dubi matakalar, inda kan Baba Hammadu ya ɗan ɓullo yana tambaya ko an gama.

Na ce, "Ya tsufa, Alhaji. Tun zamanin Ba'indiye."

"Ka kai shi Kano mana a wanke."

"Na sha kai shi. Sun ce ba ya gyaruwa."

Malam Ishiyaku ya dafa kafaɗata. Tun da nake ba a taɓa yi min ta'aziyya ina cikin farin ciki irin wannan ba. Suka sauka suna hira a kan tsadar taya. Ladabi ya sa na bi su har ƙofar gida, ina waiwayen sama kamar mai ciwon wuya.

Washegari bayan magariba aka sanar da hukunci a masallaci. Malam Ishiyaku ya tsara shi da kyau, don kada kowa ya ji kunya, sai ni. Ya ce kwamiti ya hau ya gani da idonsa: bututun ba ya nuna komai, ko na sama balle na ƙasa. Mai bututun kuma dattijo ne, tabaransa kaurin gindin kwalba, shekaru sun ja, irin waɗanda malamai suka ce ba a tsananta lulluɓi dominsu. Saboda haka matakala ta tsaya. Malam Muntari ya hau duk lokacin da ya so, ba sai an sanar ba, mata kuma ba sai sun tashi ba. Alhaji bai karya maganarsa ba, tunda ba za a ƙara cewa zai hau ba.

Shekarata arba'in da bakwai a lokacin. Alhaji Shitu, wanda ya girme ni, ya kama hannuna da hannu biyu a gaban jama'a ya ce, "Ka yafe ni, Baba."

Da na shiga gida Lami ta tambayi yadda aka yi. Na faɗa mata. Ta juya baya tana gyara murhun da ba ya buƙatar gyara, kafaɗunta na rawa.

Bayan 'yan kwanaki rediyo ta kawo labarin. Tauraruwa mai wutsiya ce, wani Bature ya gano ta fiye da shekara ɗari da suka wuce, ƙarama ce da ba a ganinta sai da manyan na'urori, sai kwatsam cikin kwana ɗaya ta tumbatsa, haskenta ya ninka sau dubu ɗaruruwa. Masana ma ba su gama sanin dalili ba. Garin Rano ya fito titi bayan isha'i ana nuna ta da yatsa. Wasu suka ce ƙarya ce tunda ba wutsiya. Zaɓen ƙananan hukumomi ya matso, kowace jam'iyya ta ce tata ce. Na ji mai shayi yana yi wa mutane bayaninta, da abubuwan da ya tsinta daga bakina, ya juya su yadda suka fi daɗi. Ba wanda ya tambaye ni komai. Kowa ya san halin da bututuna yake ciki, ba a so a fama min ciwo.

Ni kuwa kowace yamma ina sama. Wata ya ja baya, sama ta yi duhu, curin ya yi ta kumbura har ya cika bututun, ya yi shara-shara, ƙananan taurari suna leƙowa ta cikinsa. A ƙasa Hajiya Ramlatu da matanta suna suya, suna zagin wani dillalin gyaɗa, ba mai ɗaga kai. Sau ɗaya Lami ta hau kawo min shayi, na ce ta sa ido. Ta daɗe a sunkuye har shayin ya huce.

"Ashe yana gani," ta ce a hankali.

"Rufa min asiri."

Ana cikin haka wata Juma'a Alhaji ya yi sallama a ƙofar gida, da leda a hannu. Ya ce tun ranar nan abin yana damunsa, a ce ga abu ya fito a sama duk gari na kallo, mai son abin kuma kayan aikinsa sun mutu. Ya shiga kasuwa a Kano ya samo min wannan. Na buɗe. Madubin hangen nesa ne ɗan ƙarami, mai ido biyu, irin wanda ake ratayawa a wuya.

"Gwada mana, Baba."

Na ɗora a ido, na juya wajen ƙarshen layi. Wata mai tallar gyaɗa ta faɗo min a gaba tsaye cak, ba a kife ba, har ina iya ƙirga ƙullin ledojin da ke kan farantinta. Da wannan a saman sorona, ba tunkuza ba, ko ƙwayar gishiri aka yar a tsakar gidan Alhaji sai na gan ta.

"Yaya? Yana yi?"

Na sauke shi, na ɗan murza ido.

"Dusu-dusu, Alhaji. Amma ba laifinsa ba ne, idon ne."

"Allah sarki," in ji shi. "To ka riƙe dai, ko jikoki sa yi wasa da shi."

Na yi godiya, na raka shi har bakin motarsa. Da na dawo na miƙa wa Lami ledar, na ce ta sa a ƙasan adakarta, can ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa, kada ta faɗa min wace kusurwa.